RIBA A CIKIN HASARA: WAƘA DA SHARHINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wannan waƙa ce mai baiti 20 da na tsara, na kuma biyo ta da ɗan sharhi, domin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da manoma da ma'aikata. Abin da ya sa na yi ta, na daɗe ina zama da masu neman abinci, na ga mafi yawan masu faɗuwa a cikinsu ba rashin ƙoƙari ke kada su ba, sai dai sun ɗauki abin da ido ya fara nuna musu, suka bi shi da gudu. Na tattara misalai daga tarihin magabata da kuma gonakinmu, domin mai hankali ya gane cewa sau da yawa hanyar hawa tana farawa da gangara. Allah ya sa mu amfana.

FASALI NA FARKO

1. Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Da shi ne ake fara komai a gyara.

2. Salati ga Manzo da Alai, Sahabbai,
Da su ne fa kowa ka samun basira.

3. Ku zo 'yan sana'a, ku zo 'yan fatauci,
Ku san inda riba ta ɓuya: hasara.

4. Idon kai gajere, ganinsa kusa ne,
Idon zuci shi ne ka hango bushara.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, ɗan Adam yana da ido biyu. Akwai idon kai, shi ne mai ƙidaya kuɗin da ya shiga aljihu yau. Akwai idon zuci, wanda malamai suke kira basira, shi ne mai tambayar inda al'amari zai ƙare. Allah Maɗaukaki ya sanar da mu a cikin Suratul Baƙara cewa mutum yakan ƙi abu alhali alherinsa na ciki, yakan kuma so abu alhali sharrinsa na ciki. Ka dubi ƙissar Annabi Musa (A.S.) da Halliru a cikin Suratul Kahfi. An huda jirgin miskinai masu aiki a teku, idon kai ya ce wannan ɓarna ce. Ashe a gaba akwai sarki mai ƙwace kowane lafiyayyen jirgi, hudar nan ita ta bar musu abin neman abincinsu. Duk abin da zai zo a cikin waƙar nan a kan wannan tushe aka gina shi.

FASALI NA BIYU: JA DA BAYA

5. Hudaibiyya duba, sharuɗɗa da nauyi,
A koma Madina, a fasa ziyara.

6. Ashe buɗi ne babba Allah ya shirya,
Ya saukar da wannan bayani a Sura.

7. Da Halid a Mu'ta ya janye mazaje,
Ashe ja da baya ga rago dabara.

Sharhi: A watan Zulƙi'ida, shekara ta 6 bayan Hijira (628), Manzon Allah (S.A.W.) ya fita da sahabbai kamar 1,400 da niyyar Umura, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka zauna sulhu da wakilinsu Suhailu ɗan Amru, Sayyidina Aliyu (R.A.) shi ne marubuci. Suhailu ya ƙi yarda a rubuta Manzon Allah a cikin takardar, Annabi ya yarda aka goge, aka rubuta sunansa da na mahaifinsa. Aka yi sharaɗi su koma bana ba su yi ɗawafi ba, su dawo baɗi su yi kwana 3, a ajiye makamai shekara 10, wanda ya gudo daga Makka ba da iznin waliyyinsa ba a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina kuwa ba za a mayar ba. Ana cikin haka sai ga Abu Jandal, ɗan Suhailu, ya zo yana jan sarƙa, aka mayar da shi ga ubansa a gaban idon Musulmi. Abin ya yi nauyi ƙwarai, har Sayyidina Umaru (R.A.) ya je yana tambayar Annabi, ya kuma je yana tambayar Sayyidina Abubakar.

A kan hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka, ta kira wannan sulhu buɗi. To, ta yaya ya zama buɗi? Da aka daina yaƙi sai mutane suka cuɗanya, suka yi magana da juna, suka ji Alƙur'ani a natse. A cikin wannan zaman lafiya aka aika takardu ga sarakuna, a cikinsa Halidu ɗan Walidu da Amru ɗan Asi suka musulunta. Wanda ya fita da 1,400 a shekara ta 6 ya shiga Makka da mutum 10,000 a shekara ta 8.

Baiti na 7 yana nuni ga yaƙin Mu'ta, a ƙasar Urdun ta yanzu, shekara ta 8 (629). Musulmi 3,000 suka haɗu da rundunar da ta ninka su. Zaidu ɗan Harisa ya yi shahada, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi, Abdullahi ɗan Rawaha ya yi. Halidu ya karɓi tuta, ya sauya jerin mayaƙa har abokan gaba suka zaci taimako ya iso, sa'an nan ya janye jama'arsa. A Madina wasu suka tarye su da gori, suna ce musu magudana. Annabi ya kore musu wannan suna, kuma a wannan yaƙi ne Halidu ya sami laƙabin Takobin Allah.

Fa'ida: Kai mai shago, kai direba, kai ma'aikaci, sau nawa ka ci gardama ka rasa abokin ciniki? Sau nawa 'yan'uwa biyu suka kai ƙarar iyakar gona taki biyar, suka sayar da gonar dukanta wajen biyan kuɗin shari'a? Idan Fiyayyen halitta ya yarda aka goge laƙabinsa daga takarda domin maslaha, ina dalilinka na cewa girmanka ba zai bari ka sassauta ba? Haka kuma idan ka ga cinikin da ka shiga yana cin uwar kuɗi wata bayan wata, ka janye da abin da ya saura kamar yadda Halidu ya janye da mazajensa. Masu gori ba su za su ciyar da iyalinka ba.

FASALI NA UKU: KASUWA

8. Ga Ɗan Aufu, an ba shi kyauta ya gode,
Ya zaɓi ya je kasuwa don tijara.

9. Kaɗan ce fa ribar da ya saba karɓa,
Kaɗan kan kaɗan, dukiya ce ya tara.

10. Ka nuna wa mai saye aibi na kaya,
Amana ka jawo shi gobe ya ƙara.

11. Ka koyar da yaronka sirrin sana'a,
Sani in ka raba shi ne za ka mora.

Sharhi: Abdurrahmani ɗan Aufu (R.A.) ya iso Madina hannu sake. Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, Sa'adu kuwa ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Wane ne a cikinmu zai ƙi wannan? Abdurrahmani ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, bai daɗe ba ya yi aure da abin da ya samu, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Da ya karɓi rabin nan, da ya sami dukiya bai sami sanin kasuwar Madina ba. Dukiya tana ƙarewa, sanin hanyar samunta kuwa yana tare da mai shi.

Imamu Gazali ya ambata a cikin Ihya'u cewa daga cikin dalilan arzikin Ɗan Aufu akwai rashin raina riba komai ƙanƙantarta, har an ce ya taɓa sayar da raƙuma 1,000 bai ci komai a kansu ba sai igiyoyin dabaibayinsu, ya sayar da kowace igiya dirhami ɗaya. Ga lissafin a fili. Mutum biyu kowanne yana da jarin jikka 100. Na farko ya ce sai ya ci jikka 30, kayansa suka yi wata 3 a shago kafin su fita. Na biyu ya yarda da jikka 5, amma kowane mako kayansa sun ƙare ya saro wasu. A cikin wata 3 ɗin nan ya juya kuɗinsa sau 12, ya ci jikka 60, ga kuma jama'ar da suka san ƙofarsa. Mai kallo daga waje yana cewa na biyu bai iya ciniki ba.

Baiti na 10: an ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu shekara ta 150 (767), ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa. Ya umarci abokin cinikinsa ya bayyana aibin wani tufa, shi kuwa ya manta ya sayar bai faɗa ba, aka nemi mai sayen aka rasa, sai Imamu ya yi sadaka da kuɗin cinikin. Idon kai yana cewa faɗar aibi korar mai saye ne. Amma wanda ka gaya wa cewa buhun nan akwai ƙwari a ciki, gobe idan ka ce masa wannan mai kyau ne ba zai kwance bakin buhu ba. Mai bugun gindin tiya, da mai jiƙa hatsi domin ya yi nauyi, da tela mai rage yadin mutane, kowannensu sau ɗaya yake cin mutum, sa'an nan ga Suratul Muɗaffifina tana jiransa.

Baiti na 11: na ga masu sana'a da yawa, maƙera da teloli da makanikai, suna ɓoye wa yaransu asirin aiki domin tsoron kada yaro ya buɗe nasa wurin ya janye musu mutane. Sai maigida ya tsufa, ido ya raunana, hannu ya soma rawa, babu wanda zai riƙe masa aiki, sana'ar ta bi shi kabari. Wanda ya koyar kuwa, ko'ina yaransa suka zauna sunansa ake kira, aikin da ya fi ƙarfinsu gare shi suke turowa, ladan ilmi mai amfani kuma yana gudana bayan ransa.

FASALI NA HUƊU: ILMI DA MUƘAMI

12. Imamunmu Malik, da tarin saninsa,
Idan bai sani ba, ba zai je ya ƙera.

13. Gazali ya sauka, ya bar Bagadaza,
Da suna da albashi har da kujera.

14. Muƙami idan ka biɗe shi, ya bar ka,
Ka kyautata aiki, da kai za a fara.

Sharhi: Imamu Maliku, limamin Madina, wanda ya rasu shekara ta 179 (795), an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambaya 48, ya amsa cewa bai sani ba a cikin 32. Wannan bai rage shi da komai ba, mazhabarsa ce muke bi tun daga Magrib har ƙasashenmu. Dalili kuwa, wanda aka san yana faɗin iyakar saninsa, idan ya ce ya sani sai a sakankance. Makanikin da bai gane ciwon mota ba amma ya kama kwance-kwance domin kada a raina shi, ya ɓata dukiyar mutane ya ɓata sunansa. Da ya ce wannan ya fi ƙarfina, je ka wurin wane, da mai motar ya dawo masa da aiki goma. Kuma wanda ba ya iya furta ban sani ba ya rufe wa kansa ƙofar koyo, domin ba a zuba ruwa a tulun da aka ce ya cika.

Imamu Gazali an naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza shekara ta 484 (1091), ɗalibai kamar 300 suna zama gabansa, sarakuna suna girmama shi. Ya binciki zuciyarsa ya tarar son suna ya gauraya da niyyarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa. A shekara ta 488 (1095) ya bar kome ya nufi Sham, ya je Baitul Muƙaddasi, ya yi Hajji, ya shafe shekaru kamar 10 a ɓoye. A cikin wannan ɓuya ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, wanda ake karantawa a zaurukanmu har yau, shekara fiye da 900 bayan rasuwarsa a 505 (1111). Ba ina cewa kowa ya bar aikinsa ba. Abin nufi, mutum ya ware lokacin da zai janye daga hayaniya ya binciki niyyarsa da aikinsa, ko da sa'a ɗaya ce bayan Asuba. Wanda ya tsaya wasa gatarinsa yakan riga wanda bai tsaya ba kada itace.

Baiti na 14: Annabi (S.A.W.) ya hori Abdurrahmani ɗan Samura da kada ya roƙi shugabanci, domin wanda aka ba shi da roƙo akan bar shi da shi, wanda aka ba ba da roƙo ba kuwa akan taimake shi. Ka dubi Halidu kuma: Sayyidina Umaru ya sauke shi daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Halidu ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa, girmansa bai ragu ba. Ma'aikacin da ya ba da ransa ga kai gulma wurin na sama da saran abokan aiki, ko ya hau, kullum yana cikin tsoron wanda zai sare shi. Wanda ya ƙware a aikinsa har ba a iya yi sai da shi, ko an tsallake shi bana, ranar da al'amari ya rikice shi za a nema.

In ka ce: ai Annabi Yusufu (A.S.) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Sai in ce: malamai sun amsa cewa ya ga yunwar shekara 7 tana tafe, babu wanda zai iya tsare abincin jama'a sai shi, neman ya zama wajibi a kansa. Kuma ka tuna ta inda ya biyo kafin nan: rijiya, da bauta, da kurkuku.

FASALI NA BIYAR: GONA

15. Manomi da yunwa yake binne gero,
Da kaka ya yanka, ya ɗaure, ya jera.

16. Ka dubi fa gawo da ke zub da ganye,
Da marka, da rani ya sake sutura.

17. Manoman Maraɗi sukan ƙyale tofo,
Na kalgo, na gawo, na geza, sabara.

Sharhi: Babu mai aiki da idon zuci kamar manomi. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara suna kallon tukunya, a lokacin yake ɗaukar mafi kyawun geronsa ya zuba a rami ya take. Idan ya tsiro kuma sai ya bi ya cire wasu ya bar kaɗan a kowane rami, domin in ya ji tausayinsu ya bar su duka, babu wanda zai yi zangarniya ta kirki. Haka mai sana'a bakwai a lokaci ɗaya yake, kowace tana shan ƙarfin 'yar'uwarta. Ka rage, ka bar wadda za ka iya ba hakkinta.

Gawo kuwa Allah ya saɓa halinsa da na sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, sai ganyen ya zama taki, rana kuma ta sami gero a ƙarƙashinsa. Da rani, lokacin da daji ya bushe, shi ne kore, dabbobi su sha inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Mai neman nasara ya koyi wannan: ba dole ne ka yi abin da kowa yake yi a lokacin da kowa yake yi ba. Idan duk gari sun afka sana'a ɗaya saboda sun ga wane ya samu, kai ka duba abin da aka bari ba mai yi.

Baiti na 17 labari ne na zamaninmu. An daɗe ana ganin manomin kirki shi ne mai share gonarsa fes, ya sassabe kome ya ƙone. Da itatuwa suka ƙare sai iska ta riƙa binne shuka da rairayi, ƙasa ta mutu, dashen da aka yi ta yi kuma mafi yawansa bai rayu ba. A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tofon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya ja hankalin manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran, abin da kakanni ma sun san irinsa. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, an ce gonarsu ta raggaye ce. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kadada kamar miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200. Aka sami itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iska. Arzikin yana nan ƙarƙashin ƙafar mai gona, shi kuwa kowace shekara yana sare shi da hannunsa, yana ganin tsabta yake yi. Kowannenmu ya tambayi kansa: mene ne nake sassabewa a cikin aikina domin kawai haka na tarar ana yi?

FASALI NA SHIDA: GARGAƊI DA CIKAWA

18. Ina gargaɗi, kar a juya batuna,
A kwanta a ce arziki za a jira.

19. Ma'auninka Shar'u da kyawon nufinka,
Da neman mashawarci, sai Istihara.

20. Tamat, na cika ta, yabo na ga Jalla,
Ya ba mu rabo nan da can, mu yi tsira.

Tanbihi: Kada wani ya ɗauka kowace hasara riba ce, ko kowane saɓa wa jama'a hikima ce. Akwai hasarar da hasara ce tsantsa, kamar ta mai caca da ta mai barci har hantsi. Duk waɗanda na ambata masu aiki ne tuƙuru: Ɗan Aufu ya yi sammakon kasuwa, Halidu ya yi yaƙi kafin ya janye, manomi ya yi huɗa kafin ya jira ruwa. Annabi ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah.

Ga ma'auni huɗu da za ka gane ja da bayan da yake dabara daga wanda yake ragwanci. Na farko Shari'a: abin da ta haramta babu riba a cikinsa ko ya cika akwati, hakkin da ta wajabta maka kamar ciyar da iyali kuwa ba a barinsa da sunan zuhudu. Na biyu niyya: ka tambayi ranka, maslaha ce ta sa ka sassauta ko tsoro, gaskiya ce ta sa ka tsaya ko girman kai. Na uku shawara da wanda ya san aikin kuma ba ya jin nauyin gaya maka abin da ba ka so. Na huɗu Istihara, sa'an nan ka ƙudurta ka shiga, kada ka yi ta waiwaye. Kuma ka yi haƙuri da lokaci, domin tsakanin Hudaibiyya da buɗe Makka sai da aka yi kusan shekara 2, itacen gona kuwa ya fi haka daɗewa.

Ya Allah ka nuna mana gaskiya ka ba mu ikon binta, ka sanya albarka a cikin sana'o'inmu da gonakinmu, ka wadata mu da halal, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.

Tammat bi hamdillahi.